Daga Rumfar Sana'a Zuwa Cikin Aji: Yadda Masu Fasahar Hannu Za Su Haɗu Su Koyar a Makarantu

Ka juya bayan takardar naira 20, za ka ga wata mata a zaune tana ginin tukunya. Ladi Kwali ke nan. A gida ta koyi ginin tukwane irin na Gwari tun tana yarinya, a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Babu yaron da bai taɓa damƙe hotonta a tafin hannunsa ba. Amma ka shiga aji shida na firamare ka tambaya wa ya taɓa cuɗa yumɓu a makaranta, ka ga hannu nawa za a ɗaga.

Ba wai darasin ne babu ba. Yana nan cikin manhajar firamare da ƙaramar sakandare, shi ne na al'adu da fasahar ƙirƙira wanda malamai ke kira CCA. Abin da ke faruwa a yawancin makarantun gwamnati shi ne malam ya rubuta ma'anar rini a allo, yara su kwafa, su haddace, su zuba a jarrabawa. Ba laifinsa ba ne, alli kawai aka ba shi. Alhali a unguwar da makarantar take akwai marini, akwai baduku, akwai mai zayyana, akwai matar da ke saƙa faifai, ga kuma saurayin da ya gama karatun zane yana rubuta allunan shaguna. Wannan jagora domin irin waɗannan mutane ne, idan suka yi niyyar haɗuwa su shiga aji. Tun yanzu in faɗa: ba bikin yini ɗaya nake nufi ba, na kafa rumfa a kira babban baƙo a ɗauki hoto a watse. Ina nufin aikin da za a riƙa komawa mako-mako, wanda malamin ajin zai iya ci gaba da shi bayan kun ɗauke ƙafa.

Fara da tara mutanen

Mutum huɗu zuwa shida sun isa. In kun haura haka tun farko, taro zai cinye lokacin aiki. Kada ku tara masu sana'a iri ɗaya. A samu mai zane da fensir da fenti, a samu mai aikin zare ko rini, a samu mai yumɓu ko ƙwarya ko kaba, a samu mai zayyana. Dole a samu mace aƙalla ɗaya, biyu sun fi, domin akwai makarantun 'yan mata da ba za a buɗe wa maza zalla ƙofa ba, kuma ko a ajin da ake haɗe, yarinya ta fi sakin jiki ta nuna aikinta ga mace. Sannan ku nemi mutum ɗaya wanda ko layi bai iya ja ba, amma ya iya rubuta wasiƙa, ya iya riƙe lissafi, ya iya zaman jira a ofis. Malamin makaranta mai ritaya ya fi kowa dacewa da wannan gurbi, don ya san ƙofofin.

Wurin da ake fara samun tsaga shi ne tsakanin mai takarda da mai gado. Wanda ya yi karatun zane a jami'a ko kwalejin ilimi yakan ɗauka shi ne malami, baduku kuma ɗan rakiya ne da za a nuna wa yara kamar kayan tarihi. Baduku shi ma yakan ga yaron nan bai san komai ba sai Turanci. In ba a kashe wannan wutar tun tana ƙarama ba, zango ɗaya ba zai ƙare ba sai an rabu. Yana da kyau mai takardar ya tuna cewa ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, abin da suka yi suna a kansa shi ne ƙin yarda a raba su da fasahar gida. Malamansu Turawa ne, amma suka dage sai sun haɗa abin da ake koya musu da zanen da suka taso suka gani a garuruwansu. Kai ko makarantar boko da Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawar Kano a 1909, tana da sashen koyon sana'ar hannu. Shigar masu sana'a makaranta ba baƙon abu ba ne, watsar da shi aka yi.

Kafin ku tunkari kowace makaranta, ku gwada kanku. Ku tara yaran unguwa goma a zauren ɗayanku, kowa ya koyar da su wani abu cikin minti 30, sauran suna kallo. A nan za ku gane cewa gwaninta daban, koyarwa daban. Mai sana'ar gado ya koya ne ta hanyar zama gefen ubangida shekara da shekaru, yana miƙa basilla, yana share rumfa, kafin a bar shi ya taɓa fata. Hannunsa ya san aikin fiye da bakinsa. Ka ce ya yi bayani, sai ya ce ai haka ake yi, ya gama cikin ƙiftawar ido, yara na kallo ba su kama komai ba. Aikin tawaga shi ne a zauna da shi a warware aikin gaɓa-gaɓa: me kake fara yi, da wane yatsa kake riƙewa, ina yaro zai fi kuskurewa. Mai takarda kuma sau da yawa cutarsa dogon jawabi ce. A sa masa agogo.

Maganar kuɗi tun ba a ga kuɗin ba

Na ga tawagar da ta yi zango biyu lafiya ƙalau tana aiki daga aljihunta, ranar da wani mai hali ya ba da gudummawa, a ranar aka daina gaisawa. Don haka ku zauna tun aljihu na wayam ku rubuta yarjejeniya a takarda ɗaya, da Hausa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Ta faɗi wa ke riƙe kuɗi, wa ke riƙe akwatin kayan aiki, kuma kada su zama mutum ɗaya. Ta faɗi abin da za a yi wa wanda ya ƙi zuwa ranar darasinsa ba tare da ya sanar ba. Ta faɗi yadda za a raba duk abin da ya shigo. Ni dai shawarata, kayan aiki su fara fita, sai kuɗin mota, sai a ware kashi ɗaya cikin goma a asusu saboda zango mai zuwa, abin da ya rage a raba bisa yawan darasin da kowa ya yi, ba bisa takardar shaidarsa ba.

Ku lura da wani abu da masu albashi kan manta. Matar da ke saƙa faifai, in ta bar gida ta yi awa uku a makaranta, cinikin ranar ta rasa. Marini in ya bar karofi, wani ya karɓe masa mai kawo kaya. Ko da sauran sun yafe nasu, waɗannan a ba su abin da zai maye gurbin yininsu, in ba haka ba za su zo sau biyu saboda kunya, a na uku wayarsu ta mutu.

Rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa, ba ita ce farko ba. Tana cin kuɗi da lokaci, kuma hedimasta ba zai tambaye ku ita ba. Sai kun yi zango ɗaya ko biyu kun ga tafiyar za ta ɗore, sannan ku yi rajista, ko a matsayin ƙungiyar gama-kai a jiha ko a CAC ɗin, don ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Masu ba da tallafi da yawa ba sa tura kuɗi asusun mutum ɗaya, kuma gara haka.

Shiga ta ƙofa

Ku zaɓi makaranta ɗaya, aji ɗaya. Wadda za ku iya zuwa da ƙafa ko da ɗan sahu guda. Aji huɗu zuwa shida na firamare ko aji ɗaya na ƙaramar sakandare sun fi sauƙin farawa: hannu ya nuna, kuma ba a riga an sa musu jin kunyar kuskure ba.

Da ɗan gari akan ci gari. Kafin wasiƙa, ku je ku gaida hedimasta da kanku, ku tafi da samfurin abin da yara za su yi, ya riƙe a hannunsa. Ku nemi ya haɗa ku da malamin CCA, ku zauna da shi ku kaɗai. Wannan malami shi ne zai raya aikin ko ya kashe shi. In ya ji kamar kun zo tona masa asiri ne, cewa bai iya abin da yake koyarwa ba, to kullum za ku tarar an sauya jadawali. Ku tambaye shi, ranka ya daɗe, waɗanne batutuwa ne ke gabanka a wannan zangon, wanne kake so mu kama maka. Ku bari ya zama shi ne mai ajin, ku baƙinsa ne.

Bayan nan sai takarda. Makarantar firamare ta gwamnati tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma yana ƙarƙashin SUBEB, wato hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, don haka wasiƙar neman izini ta bi ta hannun hedimasta zuwa ofishin sakataren ilimi. Sakandare kuwa, firinsifal zai gaya muku ko hukumar makarantun sakandare ce ko ma'aikatar ilimi. Makarantar kuɗi ta fi sauƙi, mai makarantar ya ce to, shi ke nan. Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya: ku su wane ne, wane aji, makonni nawa, wace rana, me yara za su yi, sannan a rubuta ƙarara cewa ba za a karɓi ko sisi daga hannun yara ba. Wannan jimlar ita ce ake fara nema. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe, domin jami'ai na sauyawa, wanda ya yi muku alkawari da baki gobe yana wata ƙaramar hukumar.

Kada ku tsallake SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da gudanar da makaranta, da ƙungiyar iyaye da malamai. A cikinsu ne ake samun mai unguwa da liman da wakiliyar mata. Minti goma da za ku yi a gabansu zai rage muku jita-jitar wata uku.

Batun hoton mai rai

Wannan shi ne abin da masu rubuta tsare-tsare daga nesa ba su sani ba, kuma shi ne ya fi kashe irin wannan aiki a ƙasar Hausa. Da zarar an ce zane, wani uba zai ji cewa za a koya wa ɗansa zana mutane da dabbobi ko sassaƙa gunki. Akwai hadisai a kan masu yin surar abu mai rai, malamai kuma sun yi bayanai daban-daban a kan iyakar hanin, musamman game da abin da ba shi da inuwa da kuma kayan wasan yara. Ku ba masu fatawa ba ne, kuma aji ba wurin muhawara ba ne. Kada ku je kuna cewa ai wannan ƙauyanci ne. Ranar da kuka faɗi haka, kun rufe wa kanku ƙofa, kun kuma rufe wa waɗanda za su zo bayanku.

Mafita tana hannunku, domin fasahar ƙasar nan akasarinta ba ta dogara da surar mai rai ba. Ku dubi allon zayyana da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani. Ku dubi dagi, da aska takwas da aska biyu a gaban babbar riga, da zanen hula, da adon da magina ke yi a fuskar soraye a Kano da Zariya da Birnin Damagaram, da ƙwaryar da aka yi wa zane da wuƙa mai zafi, da lallen amarya. Duk layi ne da da'ira da kusurwa da maimaici. Ga itatuwa, ga ganye, ga ƙofar gari, ga masallaci, ga keke da mota. Shekara guda za ku yi kuna koyarwa ba ku taɓa inda ake saɓani ba. Ku faɗa wa kwamitin haka tun a zaman farko, ku nuna musu allon zayyanar, ku ga yadda fuskar liman za ta saki. Idan makarantar ta haɗa Musulmi da Kirista, ko iyaye ba su da damuwa da batun, sai ku bi abin da makarantar ta amince da shi. In yaro da kansa ya zana akuyar gidansu, kada a tsawata masa, kada kuma a ɗaga ta sama a ce kowa ya yi irinta.

Tsara makonnin

Mako shida, darasi ɗaya a mako, ya isa zangon farko. Ku roƙi a haɗe muku darasi biyu a jere, domin minti 35 ko 40 kafin a raba kaya an kaɗa ƙararrawa. Ku guji makon farko da na biyu na zango, yara ba su gama dawowa ba, ku kuma guji makonnin jarrabawa. Juma'a gajeruwa ce. Bayan tashi kuma yara na da Islamiyya da aike da talla, don haka a cikin lokacin makaranta ya fi. A ƙauye ku tambayi ranar kasuwa, ku kauce mata. Azumi in ya faɗo cikin zangon, a ɗage. Yanayi ma yana da ta cewa: da hunturu yumɓu na bushewa da gaggawa ya tsage, da damina kuma fenti da sitaci su ƙi bushewa, ga yaran karkara suna gona.

Ga yadda zan jera su in ni ne. Makon farko, yara su haɗa tawada da launi da hannunsu. Na biyu, mai zayyana ya koya musu fitar da dagi daga ɗigo-ɗigo da aka jera a takarda, su ga cewa abin da suke gani a bango kamar sihiri ƙirga ne kawai. Malamin lissafi in ya leƙo wannan darasin ba zai so fita ba. Na uku, bugun hatimi: a yanka dankali ko guntun tsohon silifa, a fitar da siffa, a tsoma a launi a buga a takarda ko ƙyalle. Na huɗu, ɗaurin rini. Na biyar, yumɓu ko saƙar kaba. Na shida, a kwance rinin, a ƙarasa abin da ya saura, a shirya nuni. Kowane darasi mutum ɗaya ne ke jagoranta, sauran su zama 'yan taya. Marini yau shi ne malam, mai digiri na raba zare. Mako mai zuwa a juya.

Kayan aiki daga unguwa

In darasinku ya dogara da fentin kwalba da buroshin kanti, ranar da kuɗi ya ƙare ranar ya mutu, kuma malamin ajin ba zai iya maimaita shi ba. Ku gina shi a kan abin da yaro zai samu a bayan gidansu.

Baƙar tawada ita ce mafi sauƙi, kowane almajiri ya san ta. A daka gawayi ya yi laushi a tankaɗe, ko a kankaro baƙin gindin tukunya, a jiƙa ƙaro tun dare ya narke, a tace, a haɗa. Ƙaron shi ne ke riƙe launin a jikin takarda, in ya yi kaɗan tawadar za ta goge da yatsa, in ya yi yawa ta yi ƙyalli ta tsattsage. Da wannan ruwan ƙaron za a kwaɓa jar ƙasa da farar ƙasa bayan an tankaɗe su, ga ja ga fari. Gangamau na ba da rawaya. Zoɓo in aka dafa shi ya yi kauri yana ba da ja mai duhu, kuma a nan akwai abin da yara ba sa mantawa: a ɗiga masa lemon tsami ya ƙara haske, a ɗiga masa ruwan kanwa ya juye ya koma wajen kore. Sai dai ku gaya musu gaskiya, launin zoɓo da na gangamau suna koɗewa in rana ta doke su.

Alƙalami kuwa, na gamba ko sillen kara, babba ne zai fere shi tun a gida. Buroshi, a tauna bakin ɗanyen icce kamar asuwaki, ko a ɗaure guntun soso a tsinke. Takarda, ku je wurin masu buga takardu ku roƙi rarar da suke yankewa, ga kwalayen shaguna, ga bayan tsohuwar kalanda. Murafen robobi su ne kwanukan launi. Sitacin rogo da aka dama ya isa gam.

Rini na buƙatar kulawa ta daban. Rinin zamani da ake yi da hodar kasuwa ana haɗa shi da soda mai ƙuna da wani sinadari mai warin gaske, soda na cin fata, in ta shiga ido kuma sai asibiti. Kada yaron firamare ya kusance ta. Dabarar da ta fi ita ce yara su yi ɗaurin kawai: a ba kowa ƙyallen farin alawayyo kamar girman hankici, ya sa tsakuwa ko ƙwallon dabino a ciki ya ɗaure da zare tamau, ya ɗinka alamar da zai gane nasa. Marini ya tafi da su karofi ya tsoma a baba, ya dawo da su a ɗaure. Ranar kwancewa ita ce ranar da za ku ji ihun da ya sa kuka fara wannan aikin. In kuna Kano kuma makaranta ta yarda, ku kai su marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, su ga da idonsu yadda ƙyalle ke fitowa daga rami da ɗan kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi.

Yumɓu a jiƙa shi tun kwana biyu kafin ranar, a tsince tsakuwa, a haɗa da dakakken tsingaro don kada ya tsage, a cuɗa sosai. Abin da yara suka gina a shanya shi a inuwa, a rufe da tsumma, ya bushe a hankali. Gashi ba a makaranta ake yi ba, maginiyar ta tafi da su ta gasa tare da nata in sun bushe ƙarau, don mai sauran danshi fashewa yake a wuta. Reza, wuƙar dukanci, fentin mai da kananzir, duk waɗannan su tsaya a hannun manya ko a bar su a gida.

Ranar darasi

Ku iso minti 30 kafin lokaci. Aji mai yara 80 ko 100 ba abin mamaki ba ne a makarantun gwamnati na birni, kuma wani ajin ba benci. Kada ku tsorata, ƙasa ta fi benci daɗin aiki. A fita gindin bishiya in akwai, a shimfiɗa buhuna. A raba yara rukuni-rukuni na takwas ko goma, kowane rukuni da shugabansa wanda shi kaɗai ne zai taso karɓar kaya, kuma kayan kowane rukuni an riga an ƙulle su a leda tun daga gida. In kuka ce za ku raba fensir ɗaya-ɗaya a cikin aji, rabin lokacinku ya tafi a kan Malam ni ban samu ba.

Nuni kada ya wuce minti goma. A yi aikin sau ɗaya da saurin da aka saba, don su ga gwaninta, sannan a sake yi a hankali ana faɗin kowace gaɓa, da harshen da yaran ke ji. Daga nan a sakar musu. Minti 50 hannunsu ne ke aiki, ku kuna zagayawa. Za a yi ta miƙo muku takarda ana cewa Malam zana min. Kada ku karɓa. Ka zana a taka guntuwar takardar a gefensa, ka tafi da abarka, ya gwada a tasa. In ka gyara masa, aikin ya zama naka, shi kuma ya koyi cewa bai iya ba. Bahago a bar shi da hagunsa. Wadda ta zauna shiru a baya ba ta taɓa komai ba, a tura mata macen tawagar ta zauna kusa da ita ta fara nata aikin ba tare da ta ce mata uffan ba, yawanci kafin minti biyar za ta ɗauki tsinke. Yaron da ba ya ji ko ba ya magana, sau da yawa a wannan darasin ne ake fara ganin abin da ke kansa, kuma in kun samu ƙarfi nan gaba, makarantun masu buƙata ta musamman irin ta Tudun Maliki a Kano sun cancanci ku tuna da su.

Minti goma na kusa da ƙarshe a jera ayyukan a ƙasa, kowa ya zagaya ya gani. Ban da fitar da wanda ya zo na ɗaya da na biyu. Maimakon ka ce wannan ya fi kyau, ka ɗauki ɗaya ka tambayi mai shi yadda aka yi ya samu wannan launin, ya yi wa 'yan ajin bayani. Minti goman ƙarshe shara ce da wanke hannu, ku zo da jarkar ruwanku da sabulu don ba kowace makaranta ke da famfo ba. Ajin da kuka bari da dabbaren jar ƙasa, mai shara da hedimasta ba za su yi marmarin dawowarku ba.

Akwai ƙa'idojin da ba a sassautawa. Malamin aji ya kasance a wurin daga farko har ƙarshe, ba ya tafi ofis ya huta ba, domin shi ne mai alhakin yaran kuma shi ake so ya koya. Babu ɗan tawagar da zai keɓe da yaro, ko ya karɓi lambar wayar ɗaliba, ko ya ce wa yaro ka same ni a shago. In an ga mai baiwa, a bi ta hannun malami zuwa ga iyayensa. Bulala ba taku ba ce. Hoto kuma, ku ɗauki hannuwa da ayyuka, fuskar yaro ba ta hawa Facebook sai da iznin makaranta da na iyaye.

Bayan kowane darasi ku tsaya minti goma a bakin ƙofa, ku rubuta a littafi guda: yara nawa, me ya ƙare da wuri, ina aka maƙale. Wannan littafin shi ne zai zama hujjarku ranar neman tallafi.

Nuni, tallafi, da miƙa akwati

Kada ku ƙirƙiro taro na musamman. Ku jingina nunin da ranar da iyaye ke zuwa dama, kamar ranar karɓar sakamako ko rabon kyaututtuka, ko 27 ga Mayu, ranar yara, in ta faɗo daidai. A ja igiya a baranda, a maƙale ayyukan da tsinke, kowanne da sunan mai shi. Na kowa ya hau, ba zaɓaɓɓu ba. A ajiye tebur ɗaya inda yaran da kansu za su nuna wa iyaye yadda zoɓo ke sauya launi. Bayan nuni kowa ya tafi da abinsa gida. Aikin yaro nasa ne, kada ku sayar, kada ku kai wa wani babba kyauta.

A ranar ne za ku gayyaci waɗanda kuke sa ran za su taimaka, gani ya kori ji. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar ita ce ta fi kusa, sai 'yan kasuwar unguwa, waɗanda ya fi musu sauƙi su ba da yadi goma na alawayyo ko mudun ƙaro a kan su ba da kuɗi. Hanyar da na ga ta fi ɗorewa ita ce ku riƙa yi wa makarantar kuɗi aiki a biya ku, ku ɗauki wani kaso ku riƙe ta gwamnati da shi. Sashen zane na kwalejin ilimi mafi kusa da ku zai iya ba ku ɗalibai 'yan taya. Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma ban da hotonsa a rigar yara ko a bangon aji, don in gwamnati ta juya da ku za a juya.

Abu na ƙarshe a zangon shi ne akwati. Ku samu akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ku zuba ragowar ƙaro da jar ƙasa da alƙaluma da hatiman silifa, da takarda ɗaya-ɗaya ta kowane darasi wadda aka rubuta gaɓoɓinsa da Hausa, da samfurin kowane aiki. Ku miƙa wa malamin CCA a gaban hedimasta, mabuɗi ɗaya a hannunsa, ɗaya a ofis. A zango na biyu ku koma wannan makarantar dai, kada ku yi tsalle zuwa sabuwa tukuna. Ku ɗauki wani ajin, amma a wannan karon darasin tawada da na dagi malamin ne zai jagoranta, ku kuna raba kaya. Shugabannin rukunin zangon da ya wuce a aro huɗu daga cikinsu su zo su taya. Sai ranar rini da ranar yumɓu ne marini da maginiya za su karɓi gaban aji, kuma kafin ranar a tuna a aika wa maginiyar kuɗin mota tun daren jiya.